Muryar Idi a Kaset ɗin Mai Gashi

Ban je Madina don in saurari waƙar Turawa ba. Neman abinci ne ya kai ni, da sana'ar gyaran rediyo a hannuna. Amma in aka tambaye ni yau abin da na fi daɗewa ina yi a garin Manzo, sai in ce neman muryar wani mutum da ban taɓa gani ba, a cikin tarin kaset na wani Bature mai gashi har kafaɗa. Yayan mutumin ne ya sa ni, domin kunnensa na mutuwa, kuma yana son ya ji ƙanensa kafin ya gama mutuwa.

A Jidda aka fara juya mini kai. Mutumin da ya kawo mu ya rantse mana tun a gida cewa wani kamfanin kayan lantarki na jiranmu. Da muka sauka ya karɓe fasfunanmu, wai zai kai a buga hatimi, ya nuna mana wata inuwa ya ce mu jira shi a nan. Inuwar ta tashi ta bar mu, shi bai dawo ba. Har yau in na ga mutum mai yawan rantsuwa sai in dafe aljihuna.

Wani direban motar kayan miya ɗan Cadi, Mahamat, shi ya tsince ni. Rikodar motarsa na cin kaset, na buɗe ta da wuƙar yankan albasa na gyara. Ya dube ni ya ce, "Kai, hannunka yana da albarka. Hau, Madina za ni." Duk inda muka kusa shingen 'yan sanda sai in koma baya in kwanta tsakanin kwalayen tumatir. Haka na shiga garin da tun ina yaro nake mafarkin shiga da farar riga: ina warin tumatir, ƙafata ta yi tsami.

Mahamat ya ajiye ni a ɗakinsu a Ƙiblatain. Hausarsu rabi Larabci ce, in sun yi raha sai na ga suna dariya sannan in bi. Da rana alhazai kan cika unguwar don ziyarar masallacin. In na ji Hausar Funtuwa a cikinsu sai zuciyata ta tsinke don kewa, amma sai in juya baya, kada wani ya gane ni ya kai wa mahaifiyata labarin yadda injiniyanta ya koma. Na yi kewar gida a wannan ɗaki har na rame.

Shi dai Mahamat ne ya samo mini aiki a titin Sultana, a wani shagon kaset ɗin wa'azi da karatun Alƙur'ani. Mai shagon Abu Yasir ake ce masa. Baƙi ne kamata, fuskarsa ta Hausawa sak, amma ɗan ƙasa ne, a Madina aka haife shi. Na gaishe shi da Hausa, ya fahimta sarai, ya amsa mini da Larabci. Haka muka zauna: ni Hausa, shi Larabci, kowa na gane rabin ɗan'uwansa. Bai nemi iƙama, wato takardar izinin zama, a wurina ba, ya ba ni ɗakin ajiya a bayan shago in riƙa kwana. Na san sarai cewa ranar da ya kore ni, titi ne, daga titi kuma sai motar masu kame.

Mutum ne mai gaskiya, mai ɗaure fuska, mai wata irin atishawa da ban taɓa jin irinta ba. Takan fara da ƙara kamar zai kira wani daga nesa, sannan ta faɗo kamar an buga ƙofar ƙarfe. Ranar farko sai da na yar da sukundireba.

Aikina iri biyu ne. Na farko, in an kawo wa'azin da aka ɗauka a masallaci, in tace shi: in cire tari, da gyaran murya, da kukan yara, da duk surutun da ba karatu ba. Na biyu shi ne kwalin tuba. Wani babban kwali ne a bakin ƙofa. Wanda ya daina jin kiɗa sai ya kwaso kaset ɗinsa na waƙa ya zuba a ciki, a ba shi na wa'azi a madadinsu. Ni kuma in kwashe in goge. Kowane kaset yana da 'yan ramuka biyu a samansa, in suna buɗe na'ura ba ta yarda ta ɗauki sabon abu a kai. Sai in toshe su da salatif, in ɗora wa'azi a kan waƙar. Na goge mawaƙan Misira da na Indiya da na Sudan ba iyaka, ban taɓa jin komai a raina ba.

Wata rana bayan azahar, lokacin da kasuwa ke rufewa kowa ya tafi cin abinci, wani tsoho ya sunkuyo ta ƙarƙashin ƙofar shago da sanda da jakar fata. Ya yi sallama da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Kai ne ɗan Najeriyar da ke taɓa injin?"

"Ni ne, Baba. Sunana Tasi'u."

"Ɗaga murya, ɗana. Wannan kunnen ya riga ni tafiya, wannan kuma yana ɗaure kaya."

Ya ce sunansa Haruna. Ya buɗe jaka ya fito da faya-fayan sidi a cikin wani kwali mai kyau. A jikin kwalin ga hoton Bature, riga a buɗe, gashi ya rufe masa ido, ya rungume jita. Na dubi hoton, na dubi gemun tsohon da tabon sallar da ke goshinsa, na kasa haɗa su wuri ɗaya.

"Juye mini su a kaset, rikodata ba ta cin wannan. Kuma kada Abdulmajid ya sani."

"Wane ne Abdulmajid, Baba?"

"Maigidanka mana. Ɗana ne."

Na juye, don ban iya cewa a'a ga tsoho ba. Na sa abin ji a kunne, kuma abin da na ji ya ƙara ruɗa ni. Waƙa ɗaya ce ake ta maimaitawa. A fara, a tsaya, a yi dariya. A sake farawa, wani ya yi tari, wani ya ja kujera, a yi ta Turanci ta hanci. Na ce lallai an cuci tsohon nan, an sayar masa da lalataccen kaya. Sai na yi masa irin aikin da na iya: na tace komai tas, na bar masa waƙoƙin da suka kai ƙarshe kawai. Ranar Juma'a na kai masa gida a unguwar Khalidiyya ina jin kaina.

Ya manna kunnen dama a jikin rikoda, ya saurara, ya tura gaba, ya sake saurara. Na ga fuskarsa na sauyawa.

"Ina surutun?"

"Na cire, Baba. Na gyara maka shi."

"Ka zubar da tuwon ka kawo mini kwanon." Ya kashe rikodar. "Ni ina ruwana da waƙar Mai Gashi? Ko kalma ɗaya ban sani ba a cikinta. Zauna."

A nan ya ba ni labarin Idi. Iyayensu sun taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa za su hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama shekaru. A can aka haifi Idi. Tun yana rarrafe yake kaɗa duk abin da ya samu, ƙwarya, tasa, har bayan yayansa. Mahaifinsu malami ne, ya ƙona masa ganga a tsakar gida, Idi ya fita bai ko ɗauki takalmi ba, ya bi jirgin ruwa. Sauran suka ƙetaro Madina. Har mahaifin ya rasu yana cewa Idi ya bar addini, kuma ba a ambaton sunansa a gidan.

Baba Haruna ya yi aikin tuƙa alhazai. A cikin motarsa ne wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ya gaya masa cewa ya san Idi a Ingila, yana kaɗa wa wani shahararren mawaƙi ganga, kuma sanyin ƙasar ya kashe shi. Wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi, mutumin bai sani ba. Babu hoto, babu kabari da za a nuna. Sai sunan mawaƙin kawai, wanda bakin Baba bai iya faɗa ba, nawa ma bai iya ba, muka bar shi a Mai Gashi.

"Gangar tasa ce, wannan na sani, hannunsa ba ya ɓace mini," in ji Baba. "Amma ganga ba murya ba ce. Yanzu da Mai Gashin ya mutu, kamfani na share ɗakin ajiyarsa yana sayar da ragowar da aka zubar. A cikin ragowar ake jin mutane suna magana. Idi ba ya iya rufe baki. Dole yana ciki."

"To yaya zan gane shi?"

"In ka ji Hausa, shi ne."

"Abu Yasir ya san wannan labarin?"

Ya girgiza kai. "Da wane baki zan gaya masa? In na yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Wannan magana kuma ba ta fita mini da Larabci."

Daga ranar na zama mutum biyu. Da safe in goge waƙa, da rana in juye waƙa, a kan na'ura ɗaya. Wani lokaci ina tsaka da jin jitar Mai Gashi sai kiran salla ya ratso ta cikin abin jin, in cire shi da sauri kamar ya ƙone ni. Na sha tambayar kaina wanne mala'iku ke rubutawa a dama, wanne a hagu. Ban samu wanda zan tambaya ba, domin duk malamin da na sani abokin cinikin maigidana ne.

Kayan kuma ba sa ƙarewa. Baba yana da tsofaffin abokai cikin alhazan Ingila da ya taɓa tuƙawa, duk mai zuwa umara sai ya riƙo masa wani abu. Wani ya kawo na wani mawaƙin daban, shi ma mai gashi, muka yi mako muna saurarensa kafin Baba ya ce wannan gangar ba ta Idi ba ce. Kamfanin ma ya iya cuta. Sai ya ɗauko faifan da muka riga muka ji, ya canja masa riga, ya ƙara 'yan guntaye a ƙarshe, ya sake fitarwa. Na san tarin Mai Gashi, na san dariyarsa, na san lokacin da ya gaji da lokacin da ya sha abin da ya sha. Na san ƙarar kujerar mai jita. Hausa dai ko kalma ban ji ba. Kunnen Baba kuwa kullum ƙara nisa yake yi. Da farko yana ji in na ɗaga murya, daga baya sai na sa baki a kunnensa. Na fara tsoron ko mun samu Idi, mun makara.

Ban san wanda ya kai wa Abu Yasir labari ba. Wata rana dai bayan azahar ya shigo da buhu a kafaɗa, ya zazzage shi cikin kwalin tuba. Kaset ɗin Baba ne kaf, da rubutun hannuna a jikinsu. Faya-fayan kuma ya ce ya kakkarya su da kansa. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi.

Ya yi magana da Larabci a hankali don in gane. Ya ce mahaifinsa tsoho ne, ƙafarsa ɗaya a kabari, mutane na cewa ya fara ruɗewa. "Kana so ya mutu a Madina da wannan a ƙarƙashin gadonsa? Na ba ka ɗaki, ban tambaye ka takarda ba, ka saka mini da haka?" Na buɗe baki in ce Idi, ya ɗaga hannu. "Halas, magana ta ƙare. Goge su duka kafin la'asar. In ba haka ba, ka nemi wani wurin kwana."

Ya fita. Na zauna ina kallon kwalin, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba, ban kuma ga laifin Baba ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na ɗauko salatif na fara aiki. Waɗanda na riga na ji na san babu komai a cikinsu, na goge su. A ƙasan tarin na ga wani baƙo. Ba shi da hoto, ba na kamfani ba ne, wani ne ya juye shi a gida ya rubuta Turanci da biro. Alhazan ƙarshe ne suka kawo, bai kai ga zuwa hannuna ba. Shi ba shi da faifai, ba shi da na biyu. Na toshe ramukansa da salatif kamar sauran, na sa shi a na'ura, yatsana a kan maɓallin gogewa. Sai na ce bari dai in ji shi sau ɗaya.

Irin abin da na saba ne. Jita, ganga, Mai Gashi ya fara, ya tsaya, dariya. Na yi nisa a ciki, hankalina rabi na kan ƙofa, sai na ji atishawar maigida a bayana. Na fizge abin jin na miƙe tsaye na ce, "Yarhamukallah, ya mudir," wato maigida. Na juya. Babu kowa a shagon sai ni da kwalin tuba.

Na leƙa waje, titi fayau, rana na dukan motoci. Na dawo na tsaya ina kallon na'urar kamar ta yi mini sihiri. Sannan na mayar da kaset ɗin baya kaɗan. Kafin in sa abin jin a kunne, Abu Yasir ya sunkuyo ya shigo. Ya ga abin da ke hannuna, ya ga kaset na juyawa. Ya kama wayar abin jin ya fizge ta daga jikin na'ura.

Lasifikar shagon a waje take, tana fuskantar titi, da ita muke sa karatu don jawo masu saye. Jitar Mai Gashi ta fashe a tsakiyar Sultana, daga shagon wa'azi. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo da almakashi a hannu. Abu Yasir ya kai hannu zai kashe, ganga ta shigo, Mai Gashi ya ja numfashi zai fara. Sai atishawar ta zo, ta fara kamar kira daga nesa, ta faɗo kamar ƙofar ƙarfe. Kiɗan ya watse. Wata murya daga can baya, da harshen Bahaushe tsantsa, ta ce, "Alhamdu lillahi." Turawan suka fashe da dariya.

"Yarhamukallah," in ji Abu Yasir.

Bakinsa ne ya faɗa kafin shi ya sani. Ya kashe na'urar, ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ya tambaya wane ne wannan. Na ce, "Ba ni ya kamata in gaya maka ba, ya mudir. Amma atishawar gidanku ce."

Ya mayar da kaset ɗin baya da kansa, ya rage murya, ya sake ji. Sannan ya zare kaset ɗin ya ce in shiga mota. Har muka kai Khalidiyya ban san ko gida za a kai ni ko wurin masu kame ba.

Mun sami Baba a zaune a kan darduma, ƙarƙashin gadonsa wayam inda kwalayen kaset suke a da. Bai dubi ɗansa ba. Abu Yasir ya sa kaset a rikoda, ya ƙure murya. Jita, ganga, atishawa, hamdala, dariya. Ɗakin har rawa yake yi. Fuskar Baba ba ta motsa ba, bai ji komai ba. Na ce shi ke nan, mun makara.

Abu Yasir ya durƙusa, ya sa baki a kunnen mahaifinsa. Ban taɓa jin Hausa a bakinsa ba sai ranar, kuma a karye ta fito, kamar ta yaro mai koyon magana.

"Baba. Mutum a ciki. Ya yi atishawa irin namu. Ya gode Allah."

Tsohon ya juyo a hankali. "Ya yi hamdala?"

"Ya yi."

"Wa ya amsa masa?"

"Ba kowa, Baba. Dariya suka yi."

Baba ya miƙa hannu biyu, na ɗora masa rikodar. Bai sa ta a kunne ba, ya danna lasifikar a ƙashin da ke bayan kunnensa na dama, ya runtse ido, ya ce in mayar. Na mayar. Na ga yatsunsa suna bin gangar a jikin rikoda. Da atishawar ta faɗo sai kafaɗarsa ta zabura, bakinsa ya buɗe, hawaye suka gangaro cikin gemu.

"Idi," ya ce. Sannan da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Yarhamukallah."

Ya ci gaba da riƙe rikodar a ƙashinsa, yana jiran addu'ar da mai atishawa kan mayar wa wanda ya amsa masa. Mu ma muka tsaya muna jira, ko da yake mun san abin da ke gaba. Dariyar Turawa ta lafa, Mai Gashi ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ganga ta sake shigowa.

Baba ya sauke rikodar a cinyarsa, ya share fuska da hannun riga. "Ya ji," in ji shi. "Ganga ce ta ɗauke masa hankali. Haka yake tun yana yaro."

Abu Yasir ya zare kaset ɗin, ya juya shi a hannu, ya ga salatif ɗin da na toshe ramukan da shi. Ya sa farce ya ɓamɓare shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya manna mini a hannun riga. Ya mayar da kaset ɗin cikin rikodar mahaifinsa, ya ce mini da Larabci in tashi mu tafi, la'asar ta yi, kuma akwai shago da za mu buɗe.